Babur ɗin Ƙanƙara na Baba Walta

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gareji a tambaye ni, a bakin kwalbati a tambaye ni, har a wurin jana'iza sai da wani ya matso kusa da ni ya ce, "Garba, wai da gaske ne a can idan ka tofar da yawu, kafin ya kai ƙasa ya zama dutse?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya na ji an ce wai har kokawa na yi da wata dabba a cikin ƙanƙara. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya, yadda ya faru.

Ga wanda bai san ni ba, ni makanike ne a garejin aikin noman rani da ke Kadawa, gidanmu kuma a Kura yake. Injinan ban-ruwa da taraktoci nake gyarawa. Da aka hana shigo da alkama aka ce kowa ya dage da nomanta, sai aka kawo mana sababbin injuna daga Kanada, aka ce a tura mutum biyu su koyo gyaransu. Aka zaɓe ni, aka zaɓi Malam Isyaku, mutumin Bunkure. Na tambaya me ya sa za a tura mu da hunturu, aka ce ai lokacin ne suke kwance injuna su yi musu garambawul, tunda ƙasa ta daskare ba a noma.

Matata ta haɗa mini guzuri kamar mai tafiya aikin hajji ta ƙasa: kilishi, daddawa, kuka, ƙuli-ƙuli, da yaji cike da gwangwanin madara. Muka tashi daga filin jirgin Kano, muka sauka a Turai, muka wuni a kan kujera muna kallon mutane suna sauri ba wanda ke kallon wani, sannan muka hau wani jirgin. Isyaku bai runtsa ba, carbi kawai yake ja. Ni kuwa kunnena ya toshe, har muka sauka ina jin maganar mutane kamar daga cikin rijiya.

A wurin binciken kaya wata ma'aikaciya ta buɗe jakata. Ta ɗaga kilishi ta ce ba a shiga da nama. Ta kwance ƙullin daddawa, ta kai hanci, ta ja da baya da sauri ta kira abokin aikinta. Suka tambaye ni mene ne wannan, na ce na miya ne. Suka kalli juna, suka jefa shi a kwandon da kilishina ya shiga. Da ta buɗe gwangwanin yaji sai atishawa ta kama ta, ta rufe shi ta miƙo mini tana share hawaye. Shi da kuka da ƙuli-ƙuli kaɗai suka tsallake.

A bakin ƙofa muka tarar da wanda aka aiko ya tarye mu. A nan muka ji abin da ba a gaya mana a Kano ba: ba wuri ɗaya za mu zauna ba. Isyaku zai tafi kudu wurin taraktoci, ni kuma arewa, wani ɗan gari inda ake gyaran ƙananan injuna. Mutumin ya ba kowa ƙatuwar rigar sanyi da takalmi, ya kai mu tashar bas.

"To, Garba," in ji Isyaku, "ashe haka abin yake."

"Haka yake, Malam. Allah ya sake haɗa mu."

Ya riƙe hannuna ya ƙi saki har direba ya yi hon. Daga ranar ban sake jin Hausa a bakin wani ba sai ranar komawa.

Bas ta yi ta tafiya a fili fari fat, ba bishiya, ba akuya, ba mai talla. A hanyar Kano zuwa Zariya ba ka rasa mai tumatir ko mai rake a gefen titi. Nan kuwa sai ka hango gida ɗaya can nesa, hayaƙi na fita daga rufinsa, sai kuma fili.

An sama mini ɗaki a gidan wani tsoho mai suna Walta. Dogo ne, ya ɗan rankwafa, hannuwansa duk tabon aiki. Da ƙuruciya manomi ne kuma makanike, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aiki a wani birni mai nisa. Daga shi sai wani baƙin kare da ke kwana a kan kujerar falo. Na kasa kiran sa da gundarin sunansa kamar yadda ya ce in yi, sai na riƙa ce masa Baba Walta. Ya tambaye ni ma'anar Baba, na gaya masa. Ya ce to ba laifi.

Da turancina na aji bakwai na yi masa bayanin cewa ba na son kare ya shiga ɗakin da nake salla. Ya fita ya dawo da falanki ya tokare ƙofar ɗakina da shi. Buta kuwa babu, sai wata 'yar butar ban-ruwan furanni ta marigayiyar matarsa ya ba ni. Ya ɗauko taswira muka nemi alƙibla, sai ga ta wajen arewa maso gabas. Na daɗe ban saki jiki da ita ba. Rana kuma ba ta hawa sama, gefe take bi kamar mai jin kunya, kana idar da azahar la'asar ta yi, kafin ka juya magariba ta faɗi. Ranar Juma'a ta farko na yi wanka na sa kayana, sannan na tuna ba inda za ni. Na zauna a bakin gado da hulata a kai.

Washegarin saukata na ce bari in gaida maƙwabta, kamar yadda baƙo yake yi. Na ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ke kusa. Wata mata ta leƙo ta taga, ta buɗe ƙofa kaɗan ta ce, "Me ya faru?" Na ce ba komai, gaisuwa na zo. Ta tsaya tana jiran in faɗi abin da ya kawo ni. Na ce shi ke nan. Ta ce to na gode, ta rufe. Ba mugayen mutane ba ne, daga baya ma ta aiko mini da safar hannu. Amma a can sai da dalili ake zuwa gidan mutum.

A wurin aiki ma haka. Sun koya mini abubuwa da zuciya ɗaya, amma da an tashi kowa ya shige motarsa. Ba majalisa, ba mai shayi. Har na kama kaina ina yi wa injuna magana da Hausa, ina ce wa kafireto, "Kai ma dai ka cika taurin kai."

Abincinmu dankali ne dafaffe, da burodi, da ƙwai, da kifi. Nama na haƙura da shi. Ranar da Baba Walta ya ɗanɗana yajina sai da ya sha ruwa kofi guda yana tari, amma washegari da kansa ya miƙo hannu. Muna cin abinci ba ma yawan magana. Wata rana dai ya ce mini tun da matarsa ta rasu ba wanda ya zauna a wannan kujera da nake kai.

Wata Lahadi ya kai ni rumfar bayan gida ya yaye tamfol daga kan wani abu. Babur ne, amma ba shi da taya. A gaba wasu dogayen faifai biyu ne masu lanƙwasasshen baki da suke sulɓi a kan ƙanƙara, a baya kuma bel ne mai faɗi mai haƙora kamar na katafila. Da ya ɗaga murfin sai na ga abin da na sani. Inji ne irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai wuri ɗaya, ba lagireto, ba ruwa, fanka ce kawai take hura masa iska kamar ƙananan injinanmu na ban-ruwa.

Na yi dariya na ce, "Baba, a wannan sanyin wane inji ne zai yi zafi?"

"A wannan sanyin na ga injuna da yawa sun buga," ya ce. "Sa hannunka nan."

Na zura hannu ta bayan fankar, sai na zaro ciyawa da tsumma da gashi, dam guda. Ɓeraye ne suka yi gida a ciki tun bazara. Ya ce da mun tayar da shi a haka, fanka za ta yi ta juyawa amma iska ba za ta kai ga kan injin ba. Muka share haƙarƙarin injin tsaf, ya sa ni na danna fanbel, wato bel ɗin da ke juya fankar, da yatsa in ji ko ya saki, muka ɗaure shi. Ya auna baƙin mai da kansa ya zuba a fetur, ya ce wannan ba ya yarda da ƙiyasi. Da ya tayar, na ɗauka tafiya za mu yi, sai ya tsaya ya harɗe hannu yana sauraro. Ya ce idan ka murɗa masa totur yana da sanyi, fistin ne zai riga gidansa kumbura, ya cije nan take. Wato sanyi ma yana sa ya buga, zafi ma yana sa ya buga.

"Ranar da ta fi hatsari," in ji shi, "ita ce ranar da kai ka ji daɗin gari. Ƙanƙara ta yi laushi, ka ɗaura kaya, kana tafiya a hankali inji na kuka. Idan ka ji ƙararsa ta sirance, ko ƙarfinsa ya ragu, ka tsaya. Kar ka ce bari in ƙarasa can. Kuma kar ka kuskura ka ɗora masa ƙanƙara a ka, tsagewa zai yi."

Daga nan kowace Lahadi muna fita. Yana da wata 'yar bukka a bakin tafki, bayan wani kurmi, nesa da gari. Mukan huda ƙanƙarar tafkin mu zura ƙugiya mu zauna. Ya koya mini tuƙi, na kifar da mu sau ɗaya a cikin rami, na tashi bakina cike da dusar ƙanƙara. Ranar ce na fara jin dariyarsa. Duk mako wannan fitar nake jira.

Da hunturu ya kusa ƙarewa, wata Lahadi gari ya waye da ɗumi, ruwa na ɗiga daga rufin gidaje. Ya ce mu je mu kwaso itacen da ya sare a kurmi kafin hanya ta narke. Muka ɗaura wa babur amalanken da ake ja, shi ma marar taya, muka tafi da hantsi.

Muna cikin lodi wani gungume ya sulɓe daga saman tarin ya faɗo masa a ƙafa. Na ji ƙarar ƙashin. Bai yi ihu ba, ya dai zauna daɓas, fuskarsa ta yi fari. Na ture gungumen, na ga ƙwaurinsa ya lanƙwashe, jini na fita ta wando. Na yaga rigata ta ciki na ɗaure, na samo itace biyu na yi masa karan ɗori kamar yadda na ga ana yi a gida. Na zubar da itacen da muka loda, na shimfiɗa bargo, na ja shi na kwantar a cikin amalanken. Ba kowa a wurin, ba wanda ya san mun fito.

Na tayar, na kama hanya. Sawun da muka yi da safe ya narke ya zama kamar kunu. Babur na nutsewa, bel na haƙa, inji na kuka amma tafiya kaɗan. Ni kuwa murɗa totur kawai nake yi, ina waiwayen sa. Ba mu fita daga kurmin ba na ji ƙarar ta sauya, ta sirance kamar ana buga gwangwani, ga wani ƙauri yana tasowa. Zuciyata ta ce ƙarasa bakin fili tukuna.

"Gaba!" Haka yake kiran sunana. "Tsaya."

"Baba, jini kake zubarwa."

"Idan ya buga, za ka iya goya ni har titi?"

Na saki totur. Na bar shi ya ɗan yi numfashi a tsaye, sannan na kashe na ɗaga murfin. Zafi ya bugi fuskata. Kafofin da iska ke shiga duk jiƙaƙƙiyar ƙanƙara ta toshe su. Na ƙwaƙule su da yatsu, na taɓa fanbel na ji yana nan daram. Sai jira.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ba tsuntsu, ba iska, sai ƙas-ƙas ɗin ƙarfe yana hucewa da numfashin tsohon. Mutum na kwance yana zubar da jini, kai kuma kana tsaye kana jiran ƙarfe ya huce. Na yi ta zagaya babur ɗin ina taɓa shi ina janye hannu.

Da injin ya huce, Baba ya ce in kwance amalanken, in tafi ni kaɗai in danne hanya har bakin fili, in dawo ta kan sawuna, sannan in ja shi. Babur ba kaya zai yi gudu ya sha iska, hanya kuma za ta yi ƙarfi. Na ga gaskiyarsa. Na tsuguna ina kwance igiya, sai ya kama hannun rigata.

"Ka dawo," ya ce.

"Haba Baba, ina za ni?"

"Na sani. Ka dai dawo."

Na tafi ina waiwaye har bishiyoyi suka rufe shi. Da na dawo na tarar ya ɗaga kai yana kallon hanyar da na bi, bai kwantar ba sai da ya gan ni.

Tafiya ta yi sauƙi a kan hanyar da na danne. Amma bayan mun wuce ta muka shiga fili, sai laushin ya dawo, ƙarfin inji ya fara raguwa. Na saurara ko zai ce in tsaya, bai ce komai ba. Na waiwaya na ga idonsa a rufe, kansa na lilo. Ga rufin wani gida ina hangowa can nesa, kamar in miƙa hannu. Wallahi hannuna ya ƙi sakin totur. Da ƙyar na tilasta wa kaina na tsaya, na kashe, na buɗe murfin.

Na durƙusa kusa da shi na ji yana numfashi. Na cire rigar sanyina na lulluɓa masa, na riƙe hannunsa ina murzawa. Turanci ya gudu daga kaina gaba ɗaya. Da Hausa na yi ta yi masa magana. Na ce masa, "Baba, yi haƙuri, saura kaɗan." Na ba shi labarin yadda ake sakin ruwa a babbar kwata da safe, yadda manoma ke rigima a kan wa zai fara sha, yadda kwandunan tumatir ke jeruwa a bakin titi. Na karanta duk abin da ya zo bakina na addu'a. Can ya buɗe ido ya ce, "Ban san me kake cewa ba, amma ci gaba."

Da la'asar muka isa gidan da na hango. Injin bai buga ba. Matar gidan ta fito da gudu, ta buga waya, motar asibiti ta zo. A asibiti suka tambaye ni ko ni ɗan'uwansa ne. Na ce a'a, a gidansa nake. Suka ce to in jira a waje. Na zauna a kan benci da jininsa a wandona har wata nas ta zo ta ce mini zai rayu, amma ƙafar ba za ta koma kamar da ba.

Bayan kwana biyu 'yarsa ta iso. Sunanta Karen. Na kasa kiran ta da wannan suna, sai na riƙa ce mata 'Yar Baba. Mace ce mai kirki, ta riƙe hannuna tana kuka tana godiya. Amma ta ce ba za ta iya barin aikinta ba, gidanta kuma bene ne, shi kuwa ba zai ƙara iya zama shi kaɗai ba. Ta sama masa wuri a gidan da ake ajiye tsofaffi. Na ce ai ina nan, zan kula da shi. Ta ce, "Kai ma ai tafiya za ka yi."

Sauran makonnin ni kaɗai na yi su a gidan, daga ni sai karen. Ni da ban taɓa ba kare abinci ba, na koma ina zuba masa safe da yamma. Yakan zo ya kwanta a bayan falankin nan yana kallona ina salla, bai taɓa tsallakowa ba. In na dafa dankali sai in ci a tsaye a kicin, don na kasa zama a teburin.

Ana jibi zan tafi na je yi masa sallama. Gidan tsofaffin tsaf-tsaf yake, da ɗumi, da abinci a kan lokaci. Na tarar da su jere a kan kujeru masu taya suna fuskantar talabijin, ba mai magana da wani. Baba Walta ya rame. Ya tambaye ni ko na tsiyaye fetur ɗin babur, na ce na tsiyaye. Ya ce an samu mai saye. Ya ce in tura shi bakin taga, na tura shi. Ƙanƙara ta narke a waje, ƙasa ta fito baƙa.

"Ka tafi yanzu," ya ce, "tun ina kallon waje."

Na ce, "Allah ya ba ka lafiya, Baba." Bai juyo ba, ya dai ɗaga hannu.

A filin jirgi na haɗu da Isyaku, ya yi ƙiba. Muka rungume juna muka yi ta surutu kamar yara, har mutane na kallonmu. Da muka sauka Kano zafi ya rufe ni, na ji kamar in kwanta a ƙasa. A Kura kuwa kafin in sauke jaka zaurenmu ya cika, wannan ya shiga wannan ya fita, har waɗanda ban sani ba.

Sai da aka watse na samu na shiga wurin Inna, mahaifiyata. Ba ta tambaye ni jirgi ko ƙanƙara ba. Ta ce in gaya mata a hannun wa na zauna. Na ba ta labarin Baba Walta tun daga farko, tana tsinke zogale tana sauraro. Da na kai ƙarshe sai ta ajiye faifan.

"To yanzu wa ka bar shi da shi?"

Na ce akwai ma'aikata, suna ba shi magani da abinci.

"Ba wannan na tambaye ka ba. Wa yake zama kusa da shi?"

Na ce ba kowa.

"Kai, Garba," ta ce. "Ga ɗakin mahaifinka nan a rufe tun da ya rasu. Da ka taho mana da shi."

Na buɗe baki zan yi mata bayanin fasfo da nisa da yadda abin ba zai yiwu ba, sai na fasa. Na tashi na fita tsakar gida na tsaya a rana.